Yankan Ado da Injin Siririn Zarto: Daga Ɗaura Zarto Zuwa Shafa Mai

Injin siririn zarto, wanda masu sayar da kayan kafinta ke kira sikurol so, shi ne wanda ake fitar da furanni, haruffa, siffofin dabbobi da zane mai huda-huda da shi daga jikin katako. Aikinsa kusan ɗaya ne da na keken ɗinki: zarto ne siriri a tsaye a wuri guda yana hawa yana sauka, kai kuma kana juya katako a kan faranti, kana kawo masa layin da kake so ya bi. Zarton ba ya zuwa ko'ina. Wanda ya riƙe wannan tun ranar farko ya rage wa kansa wahala mai yawa, domin karyewar zarto, ƙonewar katako da karkacewar layi galibi daga abu ɗaya suke fitowa: mutum yana tura katako da ƙarfi, yana so ya yi wa zarto aikinsa.

Abin da ya raba wannan inji da sauran zartuna shi ne ana iya kwance kan zarton, a zura shi ta ɗan rami a tsakiyar katako, a sake ɗaure shi, a yanke ciki ba tare da an taɓa gefe ba. Sana'ar ba sabuwa ba ce. Tun ƙarni na 19 ake yin ta da injuna masu feda, irin waɗanda kamfanin Barnes na garin Rockford a Amurka ya riƙa ƙerawa, kuma a Ingila kamfanin Hobbies ya fara fitar da mujallar mako-mako mai ɗauke da zanen yanka a 1895. Wutar lantarki ta maye gurbin ƙafa, amma aikin hannu bai canja ba.

Zaɓen inji

Lambar da za ka fara gani a jikin kwali, inci 16 ko 18 ko 20 ko 21, ita ce tazarar da ke tsakanin zarto da ginshiƙin baya. Tunda katako ne yake juyawa a kewayen zarto, duk aikin da ya fi wannan tazara tsawo zai riƙa bugun ginshiƙin yana tare ka. Mai inci 16 ya isa ga mai farawa. Kaurin da yawancin injunan ke iya yankawa bai wuce inci 2 ba, wato milimita 50.

Abu biyu ne bai kamata ka sassauta a kansu ba. Na farko, injin ya zama mai karɓar zarto marar ƙusa a kai. Akwai zarton da ke da ɗan ƙarfe a gicciye a kowane kai, yana da sauƙin ɗaurawa, amma sai ka huda rami mai faɗin wajen milimita 5 kafin ya shiga, kuma ba a samun sa a siraran lambobi. Marar ƙusa yana shiga ramin milimita 1 zuwa 1.5, a nan ne ƙananan zane suke yiwuwa. Na biyu, ya zama ana iya rage gudunsa da ƙarawa. Yawanci suna tafiya daga bugu 400 zuwa wajen 1,700 a minti. Bayan waɗannan, ka duba ko ana kwance kan zarto da hannu ba sai da sifana ba, domin a zane mai ramuka hamsin sau hamsin za ka kwance ka ɗaure. DeWalt DW788, Hegner na Jamus da Pegas suna cikin waɗanda masu wannan sana'a suka fi yabawa, amma ƙaramin inji da aka saita da kyau, aka sa masa zarto mai kyau, ya fi babban da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Kada ka ajiye shi haka nan a kan tebur mai rawa. Ka ɗaure shi da noti a kan benci mai nauyi, ka shimfiɗa roba a ƙarƙashinsa. Girgiza tana sa layi ya riƙa rawa a idonka, tana kuma gajiyar da hannu. Mutane da yawa suna ɗaga bayan injin kaɗan da guntun katako don farantin ya karkato gabansu, su daina sunkuyawa. Ka sa fitila kusa da zarto, in da hali mai gilashin ƙara girma.

Zarto shi ne aikin

Idan akwai inda ya cancanci ka ɓata lokaci, nan ne. Tsawon zarton inci 5 ne, wajen milimita 130. Ana ba su lamba: 3/0, 2/0, 1, 3, 5, 7, 9, 12. Ƙaramar lamba siriri ne mai ƙananan haƙora masu yawa, yana shiga kwana mai tsauri amma yana tafiya a hankali kuma bai da wuyar karyewa. Babbar lamba mai kauri ne, haƙoransa manya kuma a warwatse, yana cin katako mai kauri amma ba ya son ƙaramar kwana. Kamfanoni suna ɗan bambanta, amma ga ma'aunin da za ka fara da shi: katako mai milimita 3, lamba 2/0 ko 1, mai milimita 6, lamba 3, daga 12 zuwa 19, lamba 5, ko 7 idan itacen mai tauri ne, abin da ya kai milimita 25 zuwa sama, lamba 9 ko 12. Da za a ce ka sayi lamba biyu kacal, da 3 da 5 ne.

Tsarin haƙora ma yana da nasa tasiri. Mai tsallake haƙori yana da gibi tsakanin kowane haƙori da na gaba, gibin nan yake kwashe garin katako daga cikin tsaga, shi ya sa ba ya saurin zafi. Akwai wanda haƙoransa na can ƙasa aka juya su suna kallon sama. Amfaninsa shi ne, zarto na yau da kullum yana yanka ne lokacin sauka, sai ya bar gashi-gashi da tsagewa a bayan katako. Waɗannan juyayyun haƙora suna share bayan lokacin hawa. A kan filawud, irinsa nake ba kowa shawara, ko da yake yana ɗan ɗaga katako, sai ka danne da kyau. Sai murɗaɗɗen zarto, wanda haƙoransa suka kewaye shi, yana yanka ta kowace fuska ba sai ka juya katako ba. Masu yanka hotunan fuska suna son sa, amma tsagarsa faɗi gare ta, gefensa ba santsi, kuma miƙaƙƙen layi da shi aiki ne ja. Ka bar shi sai hannunka ya faɗa.

Zarto abin ƙarewa ne, shi ya sa ake sayar da shi dozin-dozin ko ƙunshin 144. Olson, Pegas da Flying Dutchman sanannu ne. Da zarar ka ji sai ka ƙara ƙarfi kafin katako ya tafi, ko ka fara jin warin ƙuna, ko layi ya fara gudu daga hannunka, zarton ya dakushe. Cire shi. Tattalin zarto ɗaya yana iya jawo asarar aikin yini guda.

Saitin da za ka yi kafin kowane aiki

Cire wuta tukuna. Ɗauki sabon zarto ka goge kawunansa biyu da samfefa, domin suna zuwa da ɗan mai daga masana'anta, man nan ne yake sa su zame daga mariƙi. Shafa yatsa a hankali ka ji inda haƙora suka nufa: dole su kalle ka, kaifinsu kuma ya kalli ƙasa. Idan ka ɗaura shi a juye, katako zai riƙa tsalle yana bugun faranti. Ɗaure ƙasa, ɗaure sama, ka tabbata yana tsaye sak, bai karkata gaba ko baya ba.

Sai ɗamewa. Juya abin ɗamewa har sai in ka fizgi zarton da farce ya ba da ƙara siririya mai tsabta. Idan ƙarar ta fito a dakushe, da saura. Wata hanyar ita ce ka tura shi gefe da yatsa. Kada ya gusa fiye da milimita 3. Masu farawa sukan ji tsoron ɗamewa, suna ganin zarto zai tsinke, alhali sako-sako ne ya fi karya shi, domin yana lanƙwasa a cikin katako yana komawa har ƙarfen ya gaji. Sako-sakon zarto kuma yana yanka mai tumbi: sama da ƙasa daidai, tsakiya ta kumbura.

Na uku, daidaita faranti. Kada ka yarda da ma'aunin digiri da ke ƙarƙashin injin. Sa ƙaramar sikwaya a jikin zarto ka duba, ko ka yi wannan gwajin da ya fi sikwaya gaskiya: ɗauki guntun katako mai kaurin milimita 30 ko 40, ka ɗan yanka shi zurfin milimita 2, ka kashe inji, ka zagayo da guntun bayan zarto ba tare da ka kife shi ba, ka gwada shigar da bayan zarton cikin tsagar. Idan ya shiga sumul, faranti ya daidaita. Idan bai shiga ba, gyara ka sake. A siririn katako karkatar digiri ɗaya ba ta nunawa sosai, amma a mai kauri, guntun da ka yanke zai fita ta fuska ɗaya ya ƙi fita ta ɗayar.

Ka shafa wa farantin kakin goge katako ka goge shi ya yi santsi, amma ka guji mai ɗauke da silikon, domin yana hana mai da fenti kama katako daga baya. Ramin da ke tsakiyar faranti yakan yi wa ƙananan aiki faɗi, ƙananan gutsattsari su faɗa ko su karye. Maganinsa kati mai kauri ko siririn filawud: huda shi, zura zarto, manna shi a kan faranti da tef. Idan ka gama aikin ranar, sassauta ɗamewar.

Katako

Don zane mai huda-huda, filawud ɗin itacen bach na yankin Baltik ya fi komai dacewa, mai milimita 3 ko 6. Yadudduka ne sirara da aka gicciya jijiyarsu, babu kogo a ciki, saboda haka siraran sassa ba sa ɓallewa. Filawud mai araha yakan ɓoye rami a tsakiya, sai ka kai wurin da ya fi laushi a zane ka tarar babu komai a ciki. A tsantsar katako, fofla yana da sauƙin yanka kuma ya dace da koyo. Walnat da mahogani suna yankuwa da kyau, launinsu kuma ba ya buƙatar fenti. Ceri da mafal suna da kyau amma suna saurin ƙonewa. Fayin yana da taushi, sai dai jijiyarsa wani wuri tauri wani wuri laushi, zarto ya yi ta tsayawa yana zabura.

Kowane iri ka ɗauka, ya zama busasshe kuma shimfiɗaɗɗe. Katakon da ya bankare ba ya kwanciya a faranti, zai yi ta bugawa. A tsantsar katako kuma ka lura da jijiya: duk siririn sashe mai tsawo, kamar ƙafar dabba ko reshen fure, ya bi tsawon jijiya, kada ya gicciye ta.

Atisaye kafin aikin gaske

Zana miƙaƙƙun layuka, layuka masu lanƙwasa, da'ira da haƙoran zigizag a kan guntayen da ba ka so, ka yanke su. A nan za ka gano wani abu da ke ruɗa kowa: ka tura katako kai tsaye, amma yankan yana karkata dama. Ba laifin hannunka ba ne. Yawancin zartuna wajen ƙera haƙoransu ana barin ɗan kaifi a gefe ɗaya, sai wannan gefen ya fi ci. Gyaran shi ne ka ɗan karkata katakon har yankan ya bi layi, ka kuma matsar da kujerarka dama kaɗan don idonka ya daidaita da hanyar. Saboda wannan ne ba a amfani da shingen jagora a wannan inji kamar yadda ake yi a zarton tebur.

Hannu biyu a kan katako, ɗaya kowane gefe, yatsu ba sa tsayawa a kan layin da ke gaban zarto. Danna ƙasa ya fi tura gaba muhimmanci. Idonka ya tsaya a ɗan gaban zarto kaɗan, inda za shi, ba inda yake ba. Lokaci-lokaci ka sassauta hannu ka gani: idan katakon ya ɗan koma gefe da kansa, ashe kana matsa wa zarto ta gefe ba ka sani ba. Idan ka kauce daga layi, kada ka fizgo da sauri. Dawo a hankali cikin doguwar lanƙwasa. Da zarar an cire takarda, babu wanda ya san inda layin yake, amma kowa zai ga wurin da aka fizga.

Aikin farko: allon suna mai huda

Wannan aiki ya ƙunshi kusan duk abin da za ka buƙata nan gaba. Nemi filawud mai milimita 6, tsawo santimita 25, faɗi 12, da wani siriri mai duhun launi na mannawa a baya.

Fara da zane. Buga sunan da haruffa masu girma da kauri a takarda, ka yi masa iyaka mai lanƙwasa. Tunda haruffan za a huda su ne su zama rami, lura da masu tsibiri a ciki, irin su a, o, b, d, ɓ da ɗ. Idan ka yanke kewayen o gaba ɗaya, cikinsa zai faɗo. Sai ka bar 'yar gada mai faɗin milimita 3 a sama da ƙasa ta riƙe tsibirin. Ka yi wa duk wuraren da za a cire inuwa da fensir, don kada ka rikice a tsakiyar aiki ka yanke abin da ya kamata ya zauna.

Goge katakon da samfefa tun yanzu, fuska biyu, lamba 120, sannan 180, sannan 220. Wannan mataki mutane ke tsallakewa su yi da-na-sani, domin bayan yanka allon ya zama mai rauni, gugar kirki za ta karya gadojin.

Rufe fuskar katakon da shuɗin tef na masu fenti. Fesa gam a bayan takardar zanen, jira ya ɗan sha iska ya yi danƙo, ka manna a kan tef ɗin, ka lallashe daga tsakiya zuwa gefe don kada iska ta maƙale. Tef ɗin yana sa takardar ta ɓare cikin sauƙi ba tare da gam ya shiga katako ba. Idan ceri ko mafal kake yankawa, ƙara farin salatif mai faɗi a saman zanen. Yana rage gogayya, ƙuna ta ragu ƙwarai.

Huda rami a cikin kowane wurin da ka yi wa inuwa, da bakin huda na milimita 1.5. Sa wani katako a ƙasa lokacin hudawa don kada bayan ya tsage, ramin kuma ya sauka a tsaye. Ka huda kusa da kusurwa, ba a tsakiyar doguwar lanƙwasa ba, domin wurin da yanka ya fara ya ƙare yakan bar ɗan tudu, a kusurwa kuwa ba a ganin sa. Juya allon ka goge bakin ramukan, in ba haka ba gashinsu zai hana shi kwanciya.

Ɗaura lamba 3 mai juyayyun haƙora, sa gudu matsakaici. Kwance kan zarto, zura shi ta rami, ɗaure, ɗame. Fara da ƙananan ramuka da na tsakiyar allo, ka fito zuwa gefe, manyan ramuka daga baya, iyakar waje kuma ita ce ta ƙarshe. Dalili shi ne katakon da ba a yanke ba shi ke tallafa wa wanda ake yankawa, kuma shi ne abin riƙonka. Idan ka cire babban guntu kusa da siririn sashe, mayar da shi gurbinsa ka manna da tef har ka gama.

Kusurwa ita ce jarrabawar wannan sana'a, kuma tana da hanyoyi. A kusurwar waje, inda akwai katakon zubarwa a kewaye, wuce kusurwar ka shiga wurin zubarwa, ka yi ɗan zagaye, ka dawo ka kama layi na biyu. Kusurwar za ta fito da kaifi. A kusurwar ciki, yanka har cikinta, ja baya kaɗan, ka yanke lanƙwasa zuwa layi na biyu ka ci gaba, daga baya ka dawo ta ɗaya fuskar ka cire ɗan guntun da ya rage. Hanya ta uku ita ce juyawa a wuri ɗaya: ka kai kusurwa, ka daina turawa, ka ɗan jawo katakon ya jingina da bayan zarto inda babu haƙora, ka danna yatsa ɗaya kusa da zarto ya zama maƙurar juyi, ka juya da sauri inji yana tafiya, haƙora suna kallon ɓangaren zubarwa. Jinkiri a nan shi ke barin baƙin tabo. Wasu suna goge kaifin bayan zarto da dutsen wasa wuƙa yayin da injin ke tafiya a hankali, don juyin ya yi laushi. Dabara ce mai kyau.

Ka gama? Ɓare tef a hankali, kana danne siraran sassa da yatsa. Idan takarda ta manne kai tsaye a katako, iska mai ɗumi daga injin busar da gashi tana sakin gam ɗin. Shimfiɗa allon a wuri mai laushi ka shafe shi da samfefa 220 sama-sama. Cikin ramuka kuma, yanka samfefa siri-siri, ko ka yi amfani da ƙananan magagari. Shafa gam ɗin katako ɗigo-ɗigo a baya, nesa da bakin ramuka don kada ya ɓullo, ɗora a kan allo mai duhu, danne da abu mai nauyi har ya bushe.

Wajen shafe, buroshi ba ya shiga ƙananan ramuka da kyau, yana tara ruwa a kusurwa. Ko dai ka tsoma aikin cikin man katako mai ruwa-ruwa a faranti mai faɗi, ka ɗaga ya tsane, ka goge ragowar, ko ka yi amfani da banish na fesawa, shafe siriri sau biyu ko uku. Idan tsomawa za ka yi, manna allon bayan tukuna ko ka bar shi sai man ya bushe sarai, domin gam ba ya kama katako mai maiƙo. Tsummokaran da suka sha man da ke bushewa, irin man 'ya'yan linin da ke cikin yawancin man katako, kada ka dunƙule su ka jefa kwandon shara. Bushewar man tana fitar da zafi, tsumma a dunƙule yana iya kamawa da wuta da kansa. Shanya su a baje a waje, ko ka nutsar da su a ruwa cikin gwangwani mai murfi.

Ƙura da lafiyar jiki

A cikin injunan yanka katako wannan na daga masu sauƙin haɗari, amma yana yanka yatsa, kuma zarton da ya tsinke yana iya tsalle. Sa tabarau na kariya, naɗe hannun riga, ɗaure gashi, kada ka sa safar hannu kusa da zarto. Makunnin ƙafa yana da amfani sosai, domin kana iya tsayar da inji hannuwanka biyu suna kan katako.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙura, domin ba ta ciwo nan take, shi ya sa ake raina ta. Fuskarka tana dab da zarto na tsawon sa'o'i, bututun injin da ke hure garin katako daga kan layi kuma yana watsa ƙurar cikin iska. Tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, musamman ta hanci da kogunansa. Sa takunkumi mai tace ƙananan ƙura, N95 ko FFP2, juya bututun ya hura nesa da kai, ka sa injin zuƙe ƙura a ƙarƙashin faranti. Allon MDF, wato na garin katako da aka matse, ya fi kowanne fitar da ƙura mai laushi, ga gam ɗin da aka haɗa shi da shi. Katakon da aka yi wa maganin gara ko mai tsohon fenti, kada ka yanka shi a ɗaki rufe. Ka riƙa tashi kana miƙe baya da wuya; gajiyayyen hannu shi ne yake fara turawa da ƙarfi.

Abin da za ka shiga bayan allon suna

Yankan jeri shi ne na farko da ya kamata ka gwada. Jera filawud mai milimita 3 guda uku ko huɗu, naɗe gefensu da tef sosai ko ka buga ƙananan ƙusoshi a wurin zubarwa, ka yanke su lokaci ɗaya. Ka samu kwafi huɗu, kuma yankan ya fi sauƙin sarrafawa, domin siririn allo shi kaɗai zarto yana cin sa da sauri fiye da yadda hannu zai bi. A nan daidaiton faranti ya zama dole, in ba haka ba na ƙasa ba zai yi daidai da na sama ba.

Wasan harhaɗa hoto ma ana yin sa da wannan inji, ko da yake wasan ya girme shi. A wajen 1760 zuwa 1770 wani mai zana taswira a Landan, John Spilsbury, ya riƙa manna taswira a katako yana yanka ta bisa iyakokin ƙasashe don koyar da yara. Siffar dabba a katako mai milimita 19, a raba ta gida shida ko takwas masu sarƙe juna, da lamba 5, kyauta ce mai kyau. Kowane layi sau ɗaya ake bin sa, babu ɓangaren zubarwa, don haka babu komawa gyara. Idan na yaro ne ɗan ƙasa da shekara 3, kada a samu guntun da zai shige baki. Ma'aunin da ake amfani da shi a Amurka bututu ne mai faɗin inci 1.25, duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ya yi ƙanƙanta. Goge duk kaifi, ka shafa kakin zuma ko man da aka amince da shi a kayan abinci.

Yanka mai fuska biyu yana fitar da abu mai jiki, kamar 'ya'yan dara ko ƙaramin tsuntsu. Ana naɗe zane a fuska biyu na katako mai kusurwa huɗu, a yanke fuska ta farko, a mayar da gutsattsarin a naɗe da salatif, a juya a yanke ta biyu, a buɗe a ciro siffar daga ciki.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne dasa katako cikin katako. Ka ɗora fari a kan baƙi, kaurinsu ɗaya, ka haɗa su da tef, ka karkata faranti kaɗan, ka yanke siffar a zagaye ɗaya ba tare da ka sauya fuskar tafiya ba. Saboda karkatar, guntun ɗaya allon yana zama cikin ramin ɗayan ya toshe gurbin da zarto ya ci, ba a ganin tsaga ko kaɗan. Yawan karkatar ya dogara da kaurin zarto da kaurin katako. Ga alluna masu milimita 6 da zarto lamba 5, wajen digiri 3 zuwa 4 ne. Fuskar da ka zagaya ita ke yanke hukuncin ko na sama ne zai sauka cikin na ƙasa ko na ƙasa ne zai hau. Saboda haka kafin ka taɓa katakon gaske, haɗa guntaye biyu na irin wannan kauri, ka yanke ƙananan da'irori daga gefe. Idan guntun ya nutse ya wuce fuskar allo, ƙara karkata. Idan ya tsaya a sama ya ƙi zama, rage. Wanda ya tsaya da ɗan tudu kamar kaurin takarda shi ake nema, domin gam da samfefa za su daidaita shi. Rubuta digirin, lambar zarton da fuskar zagayen a jikin guntun gwajin, ka rataye shi kusa da inji don aiki na gaba.